Me ya sa wasannin bidiyo na fim suka yi ƙaranci?

Malam, ka tambayi dalilin da kamfanonin fim suka rage fitar da wasan bidiyo tare da sabon fim. Lokaci ne matsalar. Ranar fitar fim ba ta motsi, babban wasa kuwa yakan ci shekaru, sai a yi aikin gaggawa ya fito ɗanye. Cikin 'yan makonni Atari, kamfanin wasannin bidiyo, ta haɗa wasan fim ɗin E.T. a 1982, ya yi kwantai har aka binne ragowar a New Mexico. Disney ma ta rufe sashen wasanninta a 2016, ta koma bai wa wasu kamfanoni lasisin yin wasannin, kuma a ganina ta huta. Warner Bros kuwa ta sayi Avalanche, tsohon kamfanin haɗa wasanni na Disney, ta fitar da Hogwarts Legacy, wasan duniyar Harry Potter, a 2023 ba tare da jiran wani fim ba.