Me haɗin kai ya tsinana wa ƙananan tsibiran Fasifik?

Tambaya: Malam, ina yawan jin labarin taron shugabannin tsibiran tekun Fasifik. Wasu ƙasashen ko ƙaramar hukuma ɗaya ba su kai yawan jama'a ba. Anya haɗin kansu yana da wani amfani kuwa?

Amsa: Yana da shi ƙwarai, kuma a harkar kifi ya fi fitowa fili.

Ƙasashen nan a tudu ne suke ƙanana. Dokar teku ta duniya ta mallaka wa kowace ƙasa arzikin ruwan da ya kewaye ta har nisan mil 200. Faɗin ƙasar Kiribati murabba'in kilomita 811 ne kacal, amma ruwanta ya haura murabba'in kilomita miliyan 3, ga kifin tuna jingim a ciki.

A da, jiragen kamun kifi na Japan da Amurka da Koriya ta Kudu sukan bi ƙasashen ɗai-ɗai su taya lasisi da araha. Wadda ta ce albarka, sai a tsallaka wurin maƙwabciyarta. A 1982 wasu daga cikin ƙasashen suka ƙulla Yarjejeniyar Nauru don haɗa kai kan kamun tuna, wadda yanzu ta haɗa ƙasashe takwas, daga 2007 kuma suka koma sayar da ranakun kamu. Sukan ƙayyade yawan ranakun da za a yi kamu a shekara, su raba a tsakaninsu, kowane jirgi ya sayi ranarsa, an kuma sa farashin da ba wadda za ta karya. Kuɗin da suke samu ya tashi daga kimanin dala miliyan 60 a 2010 zuwa wajen miliyan 500 a shekara. A Kiribati da Tuvalu, kaso mai tsoka na kuɗin shigar gwamnati daga nan yake fitowa, da shi ake riƙe makarantu da asibitoci.

Kan sauyin yanayi ma bakinsu ɗaya. A 2021 shugabannin ƙasashen yankin suka ayyana cewa ko teku ya ci tudunsu, iyakokin ruwansu suna nan daram.

Ba a rasa ɓaraka: Kiribati ta fice daga ƙungiyar shugabannin yankin a 2022, ta dawo a 2023. Abin da ya fi damuna shi ne har yanzu akasarin kifin a waje ake zuba shi a gwangwani, musamman a Tailan, guraben aiki suna can ke nan. Ga masana na hasashen ɗumamar ruwa za ta kora tuna gabas, zuwa tekun da ba mallakin kowa ba, inda babu ranar da za su sayar.