Amsa: Yawon amarci daga Birnin Kebbi zuwa Tanzaniya

Ɗan'uwa, ka ce kana son kai amarya yawon amarci na ƙasaita, ku ga namun daji ku kuma huta a bakin teku, kana tambayar ina ya fi. Ku tafi Tanzaniya. Ku fara da dajin Serengeti kwana huɗu, sannan ku sauka tsibirin Zanzibar ku ƙarasa hutun a bakin teku, domin bayan tashin asuba da jijjigar mota a daji jiki zai nemi kwanciya. Daga Birnin Kebbi ku bi ta Abuja, Ethiopian Airlines zai kai ku filin jirgin Kilimanjaro ta Addis Ababa. Tsakanin Yuli da Oktoba garkunan namun daji ke tsallaka kogin Mara da ke ratsa Serengeti, amma daga Maris zuwa Mayu ruwan sama ya yi yawa. A Zanzibar kuma yawancin mutane Musulmi ne, abincin halal da masallatai ba sa wuya.

Sharaɗin shi ne biza. Mai fasfon Najeriya ba a ba shi ita a filin jirgi, sai ya nema tun daga gida, hukumar shige da ficensu ta tantance, kuma abin yakan ɗauki makonni. Don Allah kada ka biya otal ko tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin bizarku ta fito. Ku yi allurar shawara aƙalla kwana 10 kafin tafiya, ku riƙe katin. Kuma ƙananan jiragen da ke sauka cikin daji kilo 15 suke ɗauka ga mutum, a jaka mai laushi, don haka akwatunan lefe su zauna gida.