Tambaya da Amsa: Renon Karsanar da Za Ta Gaji Uwarta a Tatsa

Wasiƙun wannan watan yawancinsu a kan maruƙa mata suka zo, waɗanda ake ajiyewa don su maye gurbin shanun tatsa idan sun tsufa. Mun zaɓi biyar, likitocin dabbobi da masana abincin dabbobi na wannan fili suka amsa.

Assalamu alaikum. Ina da shanu huɗu ruwa-biyu, jinin Firishiyan da Bunaji, kuma madararsu nake sayarwa. Ɗaya ta haifi mace makonni uku da suka wuce. Ina ba ta lita biyu a rana a bokiti, amma ta rame kuma tana zawo. Me zan gyara? (Mai kiwo daga Kura, Jihar Kano)

Wa alaikumus salam, Malam. Lita biyu ta yi kaɗan ƙwarai. Mafi ƙarancin abin da maraƙa take bukata a rana shi ne kashi ɗaya cikin goma na nauyinta. Irin taka ana haihuwarta da kilo 28 zuwa 32, saboda haka lita uku ce farkon farawa, kuma a mako na uku ya kamata a ce ta kai lita huɗu zuwa biyar, a raba safe da yamma. Mun san kowace lita kuɗi ce a wurinka, amma wannan maraƙar ita za ka tatsa nan da shekara biyu, kuma girman da ta rasa a watanni biyun farko da wuya ta cike shi daga baya.

Duba yadda ake ba ta ma. Madarar ta kasance da ɗumin jikin saniya, wajen digiri 38, wato idan ka ɗiga a bayan hannunka ba za ka ji sanyi ko zafi ba. Kada a sirka ta da ruwa don ta yi auki. A wanke bokitin bayan kowane sha, da ruwan sanyi tukuna, sannan ruwan zafi da sabulu, a kife shi a rana. Maiƙon da ke maƙalewa a gindin bokiti yana cikin manyan masu jawo zawo. Bokiti mai kan nono na roba ya fi buɗaɗɗe, domin tsotso a hankali shi ke taimaka wa madara ta wuce kai tsaye zuwa ɓangaren cikinta da ke narkar da ita. In ta kwankwaɗa da gaggawa, wata takan faɗa tumbin da bai fara aiki ba, ta yi tsami a can.

Game da zawon, abin da ke kashe maraƙi shi ne ƙarewar ruwan jiki. Kama fatar wuyanta ka ja ka saki: idan ta daɗe ba ta koma ba, ko idanu sun faɗa, ko ta daina tsotsar yatsa, a kira likita a ranar. In tana tsaye tana sha, a ba ta ruwan gishirin zawo na maruƙa, lita biyu, tsakanin shan safe da na yamma, kuma kada a tsayar da madarar. Kada a haɗa mata da sukarin shayi, domin ƙaramar maraƙa ba ta iya narkar da shi, sai ya ƙara zawon. Gulukos ake sawa. Idan ka ga jini a kashin, likita ya duba kafin a sayi kowane magani.

Ga haihuwa ta gaba kuma, ka kula da dakashi. Maraƙa tana fitowa ba ta da garkuwar jiki, daga dakashi take samu, kuma hanjinta yana daina ɗaukar wannan garkuwa cikin sa'o'i 24. A tabbata ta sha lita biyu zuwa uku a sa'o'i biyun farko, a ƙara mata kafin sa'a goma sha biyu ta cika. A tsoma cibiya a aidin, a kwantar da ita a busasshen wuri.

Na yaye maruƙa biyu suna wata uku. Ina ba su dusar masara da karan dawa. Yanzu sun yi ƙaton ciki, gashinsu ya tashi, ƙashin baya ya fito. Tsutsa ce? Kuma zan iya ba su angurya? (Wata Hajiya daga Zariya)

Hajiya, tsutsa tana iya kasancewa, kuma gwajin kashi zai nuna. Amma abin da kika kwatanta ya fi kama da yaye kafin tumbi ya nuna, sannan aka bi da abinci marar ƙarfi. Karan dawa ba ya ɗauke da sinadarin gina jiki sai ɗan abin da ba a rasa ba, yana cika ciki ne kawai ya daɗe bai narke ba. Shi ne wannan ƙaton tumbin da kike gani a kan siraran ƙafafu.

Ba a yaye da lissafin wata. Tun maraƙa tana da mako ɗaya ake ajiye mata tafin hannu na haɗin hatsi da ruwa mai tsabta a wani mazubi daban, ko da tana shan madara. Hatsin da ruwan su ne ke sa bangon tumbi ya fitar da 'yan ƙananan tsiro masu tsotse abinci. Madara ba ta yin wannan aikin. Sai ranar da ta cinye kilo ɗaya na haɗin, kwana uku a jere, sannan a fara rage madara a hankali cikin kwana bakwai zuwa goma. Yawanci hakan kan faɗo tsakanin mako takwas da goma sha biyu, kuma a lokacin ya kamata nauyinta ya ninka na ranar haihuwa.

Ga haɗin kilo 100 da za ki koma ba su yanzu:

- ɓarzajjiyar masara, kilo 50
- dusar alkama, kilo 20
- ƙulin waken soya ko na gyaɗa, kilo 27
- garin ƙashi ko na kawa, kilo 2
- gishiri da haɗin bitamin da ma'adanai na shanu, rabin kilo kowanne

A ɓarza masarar, kada a niƙa ta luƙui, domin gari yana sa su tari kuma ba sa son sa. Fara da rabin kilo ga kowace, ki riƙa ƙarawa har kilo biyu a rana cikin makonni biyu. Maimakon kara, ba su harawar wake ko ta gyaɗa mai ganye, da busasshiyar kyasuwa ko gamba wadda aka yanka tun ba ta tsufa ba. Ki shinshina ƙulin gyaɗa kafin ki saya: wanda ya yi fumfuna ko warin rima yana iya ɗauke da gubar da ke lalata hanta.

Angurya kuwa a dakata. Tana da wata guba da tumbin babbar saniya ke iya kashe ƙarfinta, amma maraƙar da tumbinta bai nuna ba tana iya faɗuwa ta mutu ba tare da doguwar jinya ba. Sai sun wuce wata huɗu zuwa shida, suna tuƙa sosai, sannan a shigo da ƙulin angurya kaɗan-kaɗan. Daga wata shida za ki iya sauka zuwa haɗi mai sauƙin kuɗi: dusar masara 45, dusar alkama 25, ƙulin angurya 27, garin kawa 2, gishiri 1. Garin kawar ba ado ba ne, dusa ba ta da isasshen sinadarin ƙashi, kuma karsana mai girma ƙashi take ginawa. Takin yuriya da wasu ke zubawa a abincin manyan shanu kada ya kusanci waɗannan. Haka gyauron dawa da ya tsiro bayan girbi ko bayan fari, yana da guba mai kisa cikin ɗan lokaci.

Karsanata ruwa-biyu ta cika wata 18. Maƙwabcina ya ce in kai ta barbara, ni kuma ina ganin ta yi ƙanƙanta. Wa ke da gaskiya? (Mai karatu daga Bukuru, Jihar Filato)

Ma'auni ne zai raba ku, Malam. Karsana tana isa barbara idan ta kai kashi 55 zuwa 60 cikin ɗari na nauyin da za ta yi in ta gama girma. Idan manyan shanun garkenka suna kai kilo 420, to sai ta kai kilo 230 zuwa 250.

Ba sai kana da sikeli ba. Ka tsayar da ita daidai a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa marar tudu ko gangara, da safe kafin ta ci. Zagaya tef ɗin tela a ƙirjinta, daf da bayan ƙafafun gaba, ka ja ya kwanta a jiki. Sannan ka auna tsawo daga tsinin kafaɗa zuwa ƙashin da ke gefen gindin wutsiya. Ka ninka awon ƙirji da kansa, ka ninka da tsawon, ka raba da 10,840. Misali, ƙirji santimita 140, tsawo 120, zai ba ka kusan kilo 217. Kiyasi ne, amma idan mutum ɗaya ke aunawa duk wata yana rubutawa, zai nuna maka ko tana gaba ko tana tsaye.

Wanda ya yi gaggawa yakan gamu da wahalar haihuwa saboda ƙugu bai buɗe ba. Ko ta haihu lafiya, abincin da ya kamata ya zama madara sai ya tafi ga ƙarasa girmanta, ta yi tatsa kaɗan, ta kuma daɗe ba ta sake neman barbara ba. Wanda ya yi jinkiri kuma yana ciyar da bakin da ba ya kawo ko kwabo. A kiwon gargajiya Bunaji takan kai shekara huɗu ko fiye kafin haihuwar fari, mafi yawa saboda abin da ta samu da damina rani ke cinye shi. Ruwa-biyu da ake ciyarwa a gida bai kamata ta bi wannan sahu ba. Daga kilo 30 zuwa 240 a wata 15, kusan rabin kilo ke nan a kowace rana, kuma da yake ciki wata tara ne da 'yan kwanaki, za ta haihu tana da shekara biyu. Wannan shi ake hari. In ta kai wata 27 ko 28 ma ba a yi asara ba.

Karsana mai kilo 200 tana cin busasshen abinci kilo biyar zuwa shida a rana. Da rani ka ba ta kilo ɗaya da rabi zuwa biyu na haɗi, kilo ɗaya da rabi na harawa, sauran busasshiyar ciyawa. Ruwa lita 20 zuwa 30, fiye da haka a bazara. Sai dai kada ka mayar da ita tamkar san Sallah. Karsanar da aka ɗura wa dusa da hatsi kafin ta balaga kitse ke cika mata hantsa a gurbin naman da ke yin madara. Ka shafa haƙarƙarinta: ya kamata hannu ya ji su, ido kuwa kada ya ƙirga su daga nesa.

In lokaci ya yi, ka lura da ita safe da yamma. Za ta riƙa kuka, ta hau 'yan'uwanta, farin ruwa mai yauƙi ya sauko daga al'aurarta, sannan ta tsaya cak idan aka hau ta. Abin yana dawowa kusan duk kwana 21. A zaɓa mata bijimi ko irin da ba ya ba da manyan 'ya'ya. Kafin nan a kammala rigakafin ciwon huhu, harbin daji da ciwon saifa. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom da ke kusa da kai tana yin waɗannan allurai. A tambayi likita batun bakkale ma, domin shi ke sa ɓari kuma yana kama mutane.

Na gina wa maruƙana ɗaki na bulo da kwano, na toshe tagogi saboda hunturu, amma tari sai ƙaruwa yake. (Mai kiwo daga Maraɗi)

Toshewar ce ta jawo, Malam. Iskar da ba ta fita tana tara zaurin fitsari da ƙura da numfashin marasa lafiya, huhun maraƙi kuwa ba ya jurewa. Shiga ɗakin da asuba ka durƙusa inda suke kwana. Idan idonka ya yi yaji ko gwiwar wandonka ta jiƙe, to abin da suke shaƙa ke nan dare da rana.

Ka buɗe saman bango ta kowane gefe, ka bar ƙasa a rufe zuwa kamar mita ɗaya da 'yan kai, yadda iska za ta bi ta samansu ba ta buge su ba. Ɓangaren arewa maso gabas, inda hunturu ke fitowa, a kare shi da zana, a cire in sanyi ya wuce. Mai sabon gini ya miƙar da tsawon rumfar daga gabas zuwa yamma, ya ɗaga rufi ya kai mita uku, ya shimfiɗa ciyawa a kan kwanon don zafin bazara. Daɓe ya ɗan gangara zuwa magudana, kamar santimita biyu a kowace mita, kuma kada a goge simintin ya yi santsi. A zuba buntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa mai kauri, a kwashe jiƙaƙƙen kullum.

Mai shan madara a ba ta nata keji, mita 1.2 a faɗi da 1.8 a tsawo, inda za ta riƙa ganin 'yan'uwanta. Bayan yaye da mako ɗaya ko biyu a haɗa su biyar zuwa shida masu girma ɗaya, kowace da murabba'in mita uku na wurin kwanciya, a ƙara zuwa biyar ko shida in sun shekara. A komin abinci kowace ta samu santimita 45, manya 60, don su ci lokaci guda. In wuri ya yi kaɗan, babba ce ke cinye haɗin, ƙarama ta tsaya a baya. Kada su kwana rumfa ɗaya da manyan shanu. A tsince leda, ƙusa da guntun waya daga filin, domin karsana ba ta tauna abin da ta ɗauka kafin ta haɗiye. Wadda zafin jikinta ya wuce digiri 39.5 tana tari, a ware ta a kira likita.

Saniyata ta haifi tagwaye, mace da namiji. In ajiye macen don tatsa? Kuma wasu maruƙana suna tsotsar hantsar juna. (Mai karatu daga Yola)

Macen da ta zauna ciki ɗaya da namiji, kusan tara cikin goma ba sa haihuwa, domin jininsu yana haɗuwa tun a mahaifa, sinadarin namijin ya hana mahaifarta ginuwa. Likita zai iya duba ta tun tana ƙarama. In ya tabbatar, a yi kiwonta don nama.

Tsotsar juna kuwa a hana ta da wuri, tana iya sa ƙwayar cuta a hantsar da ba ta buɗe ba, ranar haihuwa a tarar nono ɗaya ya mutu. Yawanci yunwa ce ko saurin shanye madara a buɗaɗɗen bokiti. A ƙara madarar, a yi amfani da kan nono na roba, a ba su tafin haɗi da zarar sun gama sha, a bar su a rabe na rabin sa'a. Wadda ta ƙi bari bayan yaye a sa mata zoben hanci na roba mai ƙayoyi, ko a fitar da ita daga cikin rukunin.