Kwatar layinku ta toshe? Ga inda za ku fara

Malam, ka ce kwatar layinku a Agege ta toshe, ruwa na shiga shaguna, wa za ku kai wa kuka? Kada ka tafi kai kaɗai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku shiga ƙungiyar ci gaban unguwa da ake kira CDA, ku haɗa kai da maƙwabtanku Yarbawa. Ku rubuta takarda, kowa ya sa hannu, ku liƙa hoton ruwan nan da ke kaiwa gwiwa.

Kwafi ɗaya ga kansila, ɗaya ga ciyaman na ƙaramar hukumarku. A buga muku hatimin karɓa, wannan kam kada ku manta. Legas na da ƙananan hukumomi 20 da LCDA 37 (wato yankunan raya ƙasa masu aiki kamar ƙananan hukumomi), sai ku tabbatar wacce ce taku. Shara kuwa aikin LAWMA ne, wato hukumar kwashe shara ta jihar Legas.