Amsa kan bishiyoyin da manyan ayyukan gwamnati ke cinyewa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena, ka tambaya ko akwai abin damuwa idan titi ko layin dogo ya ci bishiyoyi, tunda ana dasa wasu a madadinsu. Na yi aikin gandun daji kafin in koma renon dashe a nan Kano, bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Ba na ƙin aiki. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, da bututun gas mai kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kano, duk muna so. Amma abin da katafila ke tugewa ranar aiki kaɗan ne a kan abin da ke biyo baya. Da zarar hanya ta ratsa daji, motar gawayi ta samu ƙofa. Akwai wata ɗorawa a kudancin jihar nan da mutum biyu ba sa iya rungume ta, matan ƙauyen da kalwarta suke daddawa. Damina biyu bayan an fasa hanya na koma, sai kututture da baƙin gurbin da aka ƙona gawayi. Wallahi na daɗe a tsaye a wurin.

Dashen madadin kuwa, ni na taɓa kai darbejiya wani bikin dashe. Damina ta kusa ɗaukewa, ba keji, ba mai ban ruwa. Kafin hunturu ya fita awaki sun gama da su. Dashe sai ya tsallake rani biyu ana shayar da shi kafin a kira shi bishiya.

A 2021 Shugaba Buhari ya yi alkawari a taron duniya kan sauyin yanayi da aka yi a Glasgow cewa kafin 2060 ƙasar nan za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda ake shanyewa, kuma daji na cikin masu shanyewar. Kano ma na cikin jihohi 11 na shirin katangar bishiyoyi ta tare hamada. To yaya za a yi hannun dama na dasawa, hagu na tugewa?

Tun 1992 doka ta wajabta binciken illar babban aiki ga muhalli kafin a fara, a kuma baje rahoton jama'a su duba. Idan aiki ya zo yankinku, ku nemi rahoton nan, ku tambayi bishiya nawa za a sare, kuma wa zai shayar da dashen a watan Afrilu.