Filin Masu Kiwo: Kajin Silki da Daminar Legas

Tun da ruwa ya kankama, yawancin saƙonnin da ke shigo mana daga masu kiwon kaji a tsakar gida ne, musamman waɗanda suka sayi kajin nan masu laushin gashi da tukku a ka, wato Silki. Ga waɗanda muka zaɓo na wannan fitowa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Silki guda shida a bayan ɗakina. Ranar da aka tsuge da ruwa ba na gida, na dawo na tarar biyu sun kwanta sharkaf, idanu a lumshe, jiki ya yi sanyi. Kajin Hausa na maƙwabciyata kuwa ruwan ɗaya ya duke su, suka karkaɗe jiki suka ci gaba da kiwo. Me ya jawo haka, kuma me zan yi in ya sake faruwa? Daga wata uwargida a Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Bambancin yana cikin gashin. Ki ciro gashin fiffiken kazar Hausa ki duba: zare-zarensa a manne suke da juna, domin akwai wasu ƙananan ƙugiyoyi da ido ba ya gani da ke sarƙe su. Kazar takan lakato maiko da baki daga gindin wutsiyarta ta shafe su, sai ruwa ya riƙa gangarewa ta sama. Gashin Silki ba shi da waɗannan ƙugiyoyi, kowane zare zaman kansa yake yi. Shi ya sa take da kyan gani, shi ya sa ba ta iya tashi sama, kuma shi ya sa take shan ruwa kamar auduga har ya taɓa fata.

Mutane kan ce ai Legas ba sanyi. Amma zafin jikin kaza yana wajen digiri 41 ne, ita kuwa Silki ƙaramar halitta ce, da yawansu ba su wuce kilo ɗaya ba. In gashin ya jiƙe ya manne, ga iska tana kaɗawa, zafin jikinta zai zube da sauri ko da ke da kike tsaye ba ki ji sanyin komai ba.

In kin same ta a haka, ki shigar da ita ɗaki nan take. Ki naɗe ta da busasshen tawul ki riƙa dannawa a hankali, kada ki goga, don gogawa tana cukurkuɗa gashin tana karya shi. In tawul ya jiƙe ki canza wani. In akwai wuta, ki kunna na'urar busar da gashi a mafi ƙarancin zafi, ki riƙe ta nesa da jikin kamar taƙi ɗaya da rabi, kina yawo da ita, ɗayan hannunki kuma yana cikin gashin. Zafin da ya dami hannunki ya dami kazar. Ki fi ba ƙarƙashin fiffike da ƙirji da ciki muhimmanci, nan ne ruwa ke ɓuya bayan baya ya bushe.

In babu wuta, ki cika robar ruwa da ruwa mai ɗumi sosai, ki naɗe ta da tsumma, ki sa a kwali tare da kazar, ki bar mata wurin matsawa in zafi ya ishe ta. Kada ki kunna gawayi a rufaffen ɗaki saboda ita, kada kuma ki ajiye kwalin kusa da janareta wai don ɗumi. Hayaƙin duka biyun yana kashe kaza, yana kashe mutum.

Kada ki ɗura mata ruwa tana kwance a sanƙame, zai bi ta maƙogwaron numfashi. Sai ta ɗaga kai da kanta, sannan ki miƙa mata ruwa mai ɗan ɗumi da aka narkar da ƙaramin cokali ɗaya na sukari ko gulukos a kofi guda, abinci ya biyo baya. Kafin ki mayar da ita akurki, ki tura yatsa cikin gashin har fata. In kin ji laima, ta kwana a kwalin.

Tambaya: Ni kam da na ga abin da ruwa ke yi, sai na zagaye akurkin duka da leda mai kauri, ba inda feshi ke shiga. Yanzu ga shi kajin suna atishawa, idanunsu na ruwa, wurin kuma yana wari. Gidanmu ruwa yana kwanciya a tsakar gida. Daga wani ɗan'uwa a Mile 12.

Amsa: Malam, ka cire ledar nan yau, aƙalla ta sama. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma yana ba mu takaici domin mai yin sa tausayi ne ya sa shi. Ka tare ruwan sama, ka kulle wani ruwan a ciki: kashin kaza yawancinsa ruwa ne, numfashinta ma tururi ne. A Arewa in ruwa ya ɗauke rana takan fito ta busar da komai. A Legas iskar kanta a jiƙe take, abin da ya yi laima ba ya bushewa sai iska tana ratsa shi. Jiƙaƙƙen kashi yana fitar da iskar amoniya, ita ce warin da kake ji. Ka tsuguna ka kai fuskarka daidai tsayin kan kazar. In idonka ya yi yaji, to su a ciki suke kwana, kuma tana cin hanyar numfashinsu har cututtuka su samu ƙofa.

Ga yadda akurki ya kamata ya kasance a unguwa irin taku, wadda ruwan Kogin Ogun ma kan shafi wasu sassanta in ya cika.

Daɓen akurkin ya tashi daga ƙasa da santimita 45 zuwa 60, a kan ƙafafun katako da aka ɗora bisa bulo don kada su ruɓe. In ka san iyakar inda ruwa ke kaiwa a bangon gidanku, ka wuce wannan alama. Tun da Silki ba ta tashi, kafinta ya yi mata gangaren katako mai faɗi, a buga ƙananan sanduna a gicciye kowane santimita 8 zuwa 10, in ba haka ba santsi zai kwashe ta. Sandar kwana kada ta wuce santimita 20 zuwa 30 daga daɓe. Da yawansu ma ba sa hawa, a ƙasa suke curewa wuri ɗaya su kwana, wanda ya sa bushewar shimfiɗa ta fi muhimmanci gare su fiye da sauran kaji.

Rufin kwano ya zama mai gangara, ya zarce bango da kamar rabin mita ta kowane gefe, kuma inda yake zubar da ruwa ya kasance wajen filin kajin. Tsakanin saman bango da rufi a bar fili mai faɗin tafin hannu ko biyu a zagaye, a rufe shi da ragar waya mai ido rabin inci. Wannan fili ba a toshe shi dare da rana. Yana sama da kan kajin, don haka iska ba ta bugunsu kai tsaye, amma tana kwashe tururi da wari.

Tamfol ko leda a gefe ɗaya ko biyu kawai ake ratayawa, a matsayin labule da za a naɗe da zarar ruwa ya ɗauke. Iskar tsakiyar damina a nan daga teku take busowa, kudu maso yamma, amma hadarin farkon damina da na ƙarshenta daga gabas yakan taso da iska mai ƙarfi. Ka duba wane bango ne ke jiƙewa a gidanku ka bi shi, domin gine-ginen maƙwabta suna karkatar da iska.

Filin da suke yawo da rana ma a rufa masa kwano, ko da rabinsa ne. A zuba tsakuwa a ƙasa, a bi ta da yashi mai kaurin santimita 8 zuwa 10, a haƙa 'yar kwata a zagaye da za ta kai ruwa lambatu. Cikin akurki kuma a shimfiɗa ɓarzajjen katako irin wanda injin goge katako ke fitarwa, kaurin santimita 5 zuwa 10. Garin katako mai laushi ba shi da kyau, yana tashi ya shiga hanci, 'yan tsaki kuma suna cin sa. Kada ka karɓi wanda aka tara a waje ruwa ya duka. Gwajinsa sauƙi ne: ka damƙi cikin hannu ka matse. In ka buɗe ya wargaje, lafiya. In ya dunƙule, a kwashe.

Atishawar kan ragu cikin 'yan kwanaki bayan an buɗe iska an canza shimfiɗa. In ka ji minshari a ƙirji, ko fuska ta kumbura, ko ka ga koren zawo da murɗewar wuya, ka ware mai ciwon ka nemi likitan dabbobi, don wannan ya wuce maganar leda. Ka kuma duba ko lokacin maimaita rigakafin Lasota, wato rigakafin cutar Newcastle mai kawo koren zawo da murɗewar wuya, ya wuce.

Tambaya: Silkina ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki bakwai, yau satinsu huɗu. Biyu sun sake fiffike suna gyangyaɗi, kuma na ga jini a kashinsu. Daga wata baiwar Allah a Idi-Araba.

Amsa: 'Yar'uwa, wannan ba abin jira ba ne. Alamun sun fi kama da cutar kashin jini, wadda likitoci ke kira koksidiyosis, kuma 'yan tsaki masu sati uku zuwa shida ta fi kamawa. Ƙwayar cutar tana fita a kashi, amma ba ta iya kama wata kaza sai ta samu laima da ɗumi na kwana ɗaya zuwa biyu ta nuna. Jiƙaƙƙiyar shimfiɗa a damina ta ba ta duka biyun.

Ki je shagon maganin dabbobi ki nemi amprolium. A ruwan sha ake sa shi kwana biyar zuwa bakwai, a bi ma'aunin da ke jikin takardar domin ƙarfinsa ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Duk bakwai ɗin za su sha, kuma kada a ajiye musu wani ruwan daban. A haɗa sabo kullum. Abin da mutane ke ɓatawa: suna haɗa shi da bitamin. Maganin yana aiki ne ta hana ƙwayar cutar samun bitamin B1, in kika zuba bitamin a ruwan kin warware aikinsa. Bitamin sai bayan an gama. Maganin mutane na kemis ba ya wannan aiki.

Ki kwashe shimfiɗar duka ki sa sabuwa busasshiya, ki ɗora mazubin ruwa a kan bulo ko katako don kada su zubar ko su yi kashi a ciki. In kwana biyu sun wuce ba sauƙi, ki kai wa likita ɗaya daga cikinsu.

Tambaya: Buhun abincin kajina ya dunƙule ta ƙasa, yana ɗan warin fumfuna. In shanya shi in ba su? Daga wani matashi a Obalende.

Amsa: A'a, ƙanena, zubar da shi inda ba za su tona ba. Rana ba ta kashe gubar da fumfuna ya riga ya zuba, gubar kuma hanta take ci, ƙurarsa tana shiga huhu. Matsalar daga saye take. Alal misali, Silki shida ba su cin fiye da rabin kilo a yini, ka ga buhu mai kilo 25 zai kai kusan wata biyu a buɗe, ba zai kai labari ba a wannan laima. Ka sayi na sati biyu, ko ku raba buhu da wani mai kiwo. Ka juye a bokiti mai murfi, ka ɗora kan katako, kada ya jingina da bango.

Tambaya: Gashin ƙafafun kajina Silki ya zama dunƙulen taɓo, tukkun ma ya manne ya rufe musu ido. Ɗaya kuma ta fito da ƙuraje masu ɓawo a gefen ido da baki. Daga wani dattijo a Alaba Rago.

Amsa: Baba, taɓon kada a fizge shi a bushe, yana tahowa da gashi har da jini. A tsoma ƙafar a ruwa mai ɗumi minti biyar zuwa goma ya saki da kansa, a busar sosai, a duba tsakanin yatsun. Silki yatsu biyar gare ta, na bayan nan biyu sukan ɓoye datti. In ɓawon ƙafar ya ɗaɗɗaga ya yi kaushi, ƙananan ƙwari ne suka shiga ƙarƙashinsa: a shafe ƙafar da basilin duk bayan kwana biyu ko uku na tsawon makonni. Ba laifi a rage gashin ƙafa da almakashi a damina, amma a kauce wa sabon gashi mai duhun gindi, jini ne a cikinsa.

Tukku kuma yawanci a mazubin ruwa yake jiƙewa. A yi amfani da mazubi mai ƙunƙuntar baki, a rage gashin da ke gaban ido, mutum ɗaya ya riƙe, ɗaya ya yanka. Kazar da ba ta gani ba ta gudun ruwa, ba ta gudun shaho.

Ƙurajen sun yi kama da agana irin ta kaji, wadda sauro ke yaɗawa, shi ya sa take yawa yanzu. Ba ta kama mutum. Ba ta da magani na kai tsaye, takan bushe da kanta cikin sati biyu zuwa huɗu. A ware kazar, a ɗiga aidin a kan ƙurajen ba tare da ya shiga ido ba, kada a ɓamɓare su. A buɗe bakinta a duba: in akwai farin abu mai kauri a ciki ko tana numfashi da ƙyar, wannan nau'in ne mai haɗari, sai likita. Sauran da ba su kamu ba a yi musu rigakafin da ake tsirawa a fatar fiffike. A kifar da tsofaffin tayoyi da gwangwanaye da ke tara ruwa, a sa ragar sauro a bayan ragar waya.

Taya ɗaya dai a bar musu: a kai ta ƙarƙashin rufi, a cika ta da busasshen yashi kashi uku da tokar itace kashi ɗaya. Ƙasar da suke birgima a ciki su kakkaɓe ƙwarƙwata ta zama taɓo har sai ruwa ya ɗan tsagaita a watan Agusta, kuma daga Satumba zai dawo. A riƙa canza yashin da zarar ya yi sanyi a hannu.