Tayar kowane yanayi a motar lantarki: me zan duba kafin in saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Motata mai aiki da lantarki ce, kuma tayoyin da ta zo da su sun suɗe da wuri. Inda nake zaune ana sanyi da hunturu, dusar ƙanƙara takan sauka jefi-jefi, ni kuwa ba na son wahalar canza taya sau biyu a shekara. Tayar kowane yanayi za ta yi mini? Dole ne sai wadda aka rubuta wa EV, wato ta motar lantarki? Za ta rage mini nisan da caji ke kai ni?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, yadda ka kwatanta wurin da kake, za ta yi maka. Amma kafin maganar yanayi sai mun yi ta nauyi, don a nan ake yawan tafka kuskure.

Batirin motar lantarki kaɗai yakan kai ɗaruruwan kilo, ga shi da an taɓa totur take fizga da dukkan ƙarfinta. Waɗannan biyu ne suka cinye maka tayoyin farko. To buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai 'yar takarda manne da ta nuna girman taya da iskar da ake so. Sannan ka tsuguna ka karanta gefen tayarka. Za ka ga rubutu irin 245/40 R19 98Y. Wannan 98 ita ce lambar nauyi, tana nufin taya ɗaya za ta ɗauki kilo 750. Taya mai girma iri ɗaya amma lambarta 94, kilo 670 kawai take ɗauka. A ido ba su da bambanci, kuma duka biyun za su hau rim lafiya lau. Idan kamfanin motar ya ce XL, wato taya mai ɗaukar ƙarin nauyi, kada wani ya lallashe ka da ƙasa da haka. Tun 2021 ma aka fito da masu alamar HL saboda motoci masu nauyi sosai, a wannan girman suna kai lamba 101, wato kilo 825. Harafin ƙarshe na iyakar gudu ne: misali H kilomita 210 a awa, V kuma 240. Shi ma a tsaya kan abin da kamfani ya faɗa.

Sai yanayin. Sunan "kowane yanayi" yana ruɗin mutane, domin ba abu ɗaya yake nufi a ko'ina ba. Da yawa daga waɗanda ake sayarwa da wannan suna a Amurka alamar M+S (wato laka da dusar ƙanƙara) kawai suke da ita, kuma ba a gwada su a kan dusar ƙanƙara kafin a buga musu ita. Abin da za ka nema shi ne ɗan hoton dutse mai kawuna uku da ƙwayar ƙanƙara a cikinsa, wannan sai taya ta ci gwaji ake ba ta shi. Jamus tun Oktoban 2024 ba ta lissafa M+S ita kaɗai a matsayin tayar hunturu, haka Faransa a yankunanta na tsaunuka daga Nuwamban 2024. Michelin CrossClimate 2, Continental AllSeasonContact 2 da Goodyear Vector 4Seasons duk suna da wannan hoto.

Sai dai ka sani tayar kowane yanayi sulhu ce aka yi. Da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Celsius robar tayar lokacin zafi takan fara sandarewa, ita kuwa wannan tana nan da laushinta. A kwalta mai zafi kuma tayar zafi ta fi ta kama birki, a kan ƙanƙarar da ta daskare tayar hunturu ta gaskiya ta fi ta nesa ba kusa ba. Wanda ke zaune inda ba a sanyi sam, ban ga abin da zai kai shi sayenta ba.

Rubutun EV ba dole ba ne. Babu wani ma'auni ɗaya da ya ɗaure kamfanoni a kansa, kowa yana buga nasa yadda ya ga dama. Wasu, kamar Hankook da tayoyinsa na iON, sun ware layi na musamman, wasu kuma suna cewa tayoyinsu na yau da kullum sun isa. Ni dai na fi yarda da takardar da Tarayyar Turai ta wajabta a liƙa wa taya, wadda aka sabunta a Mayun 2021. Tana ba da maki daga A zuwa E a kan sauƙin mirginawa, wani makin a kan kamun jiƙaƙƙiyar hanya, sannan ta nuna ƙarar taya. Makin farko shi ne ya shafi cajinka. Idan ya zama sai ka zaɓi ɗaya, ɗauki kamun hanya ka bar 'yan kilomitoci su tafi, mota mai wannan nauyi ba ta tsayawa da wasa ranar ruwa.

Nisan caji zai ɗan ragu, ba zan ɓoye maka ba. Tayoyin da mota ke zuwa da su an zaɓe su ne musamman don su tsimi wuta. Kuma kowace sabuwar taya, saboda zurfin zanenta, ta fi suɗaɗɗiya jan wuta, don haka kada ka yanke mata hukunci a makon farko.

Ƙara ma abin lura ce, tunda babu rurin inji da zai danne ta. Wasu tayoyin akan manna musu soso a ciki don rage gunji. Yana ɗan taimakawa, amma ranar da ƙusa ta shiga ka gaya wa mai faci tun kafin ya fara, sai ya yanke soson wurin kafin facin ya kama.

Wajen saye, duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a gefen tayar: 2324 na nufin an ƙera ta a mako na 23 a 2024. Ka sa huɗun iri ɗaya, musamman idan motar da ƙafa huɗu take ja, a yi alaimen a ranar, a riƙa auna iska duk wata tun taya tana da sanyi. Wasu motocin tayoyin bayansu sun fi na gaba faɗi, irin waɗannan ba a juya na gaba su koma baya, sai ka tabbatar samfurin da ka zaɓa yana da girman biyu kafin ka biya kuɗi.